Sifirin Ɗin da Bai Karye Ba

Ƙanƙarar da ke cikin kular magani ta narke, ruwan yana ɗiga ta gefen murfi, wasu tsuntsaye biyu suna sha abinsu. Abin da Sufeto ta fara gani ke nan da ta sauko gangaren, kafin ma ta dubi motar.

Motar tana kwance a kan haƙarƙarinta cikin kwazazzabo, tayoyi biyu a sama. Irin manyan a-kori-kurar nan ce masu hawa dutse, ta wata ƙungiya da ke kai magani ƙauyukan bayan tsauni. An riga an ɗauke gawar malamar asibitin da ke zaune a gaba. Direban yana gadon asibiti da karaya a hannu, ɗan sanda na gadinsa.

Saje ya biyo ta yana haki, yana cire ƙaya daga wandonsa.

"Yallaɓiya, wannan ai ba ta buƙatar bincike. Kin san sunan da ake kiran direban? Ba-birki."

"Uwarsa ce ta raɗa masa?"

"Abokan aiki."

"Kai ma ai Sarkin Barci suke ce maka a ofis, ban kai ka kotu ba."

Tun safe take tsaye, ƙafafunta sun kumbura a cikin takalmi. Ta hau titi da ƙyar, ta bi shi baya baya tana neman inuwar da za ta zauna. Can sama da kwanar, inda ruwan sama ya yanka hanya ya bar rami mai zurfi, ta sami wani dutse. Za ta zauna ke nan ta ga baƙin ƙarfe a cikin ciyawa.

Sifirin ne, irin murɗaɗɗen nan da ke zama tsakanin taya da jikin mota. Gajere, mai kauri. Ta juya shi da ƙafa. Bai karye ba, bai ko lanƙwashe ba.

"Lokacin da motar ta kife ya yi tsalle," in ji Saje.

Ta dubi nisan da ke tsakanin ramin da kwazazzabon.

"Ya yi tsalle, sannan ya hau gangare ya koma baya da ƙafarsa? Ɗauko shi."

"Yana da nauyi fa."

"Shi ya sa na ce kai."

A asibiti, ban da ɗan sandan da ke gadi, ta tarar da mutum uku. Direban saurayi ne, hannunsa a ɗaure, idanunsa sun yi ja. Mahaifiyarsa na zaune a kujerar roba tana yi masa fifita da kwali. Jikin taga kuma wani dattijo ne tsaye, wan mahaifiyar, babban direban ƙungiyar. Shi ya koya wa yaron tuƙi, shi ya samo masa aikin, har kowa a wurin aiki ya ari bakin yaron yana ce masa Kawu.

"Gudu nawa kake yi?" ta tambaya.

"Ranki ya daɗe, ban yi gudu ba. Sista shayi take sha a murfin fulas. Wa zai yi gudu da mai shan shayi?"

"To me ya faru?"

"Ramin nan ne da nake shiga kullum. Tayar baya ta faɗa, na ji ƙarar ƙarfe, sai gindin motar ya zauna gefe guda. Daga nan sitiyari ya zama ba nawa ba."

"Da ma motar tana da matsala?"

Ya yi ɗan tunani.

"Kwanan nan ta yi tauri. Da aka sa mata sababbin sifirin kamar katifa take. Sai kawai ta koma dukana. Na faɗa wa bakanike, ya ce ni ne na cika iska a taya."

Uwar ta ajiye kwalin.

"Yaya, ka yi magana mana. Kai ka san tuƙinsa."

Kawu bai juyo daga tagar ba.

"Yaro ne," ya ce. "Yana da zafin ƙafa. Na sha faɗa masa."

Uwar ta dube shi kamar wadda aka taka a cikin duhu. Yaron ya juya fuska bango. Sufeto ta rufe biro ɗinta ta fita.

A ofis Oga ya tare ta a bakin ƙofa. Dangin marigayiya sun zo sau biyu, ya ce, mijinta ya bar jaririya a gida tana kuka. Yana so a rubuta wa yaron tuhumar tuƙin ganganci da ya jawo kisa, a kai shi kotu da zarar likita ya sallame shi.

"Ko kawunsa ya ce yana gudu. Me kike nema kuma?"

"Akwai wani ƙarfe da ban gane ba, yallaɓai."

"Ƙarfe." Ya shafa goshi. "Ki gane shi da wuri."

Ta san abin da tuhumar take nufi. Shekaru a gidan yari, kuma ko ya fito ba mai sake ba shi makulli.

Garejin ƙungiyar rumfar kwano ce mai zafi, ƙasa duk baƙin mai. An jawo motar da ta kife an ajiye a tsakiya. A gefe akwai 'yar'uwarta, tsohuwa, fenti ya koɗe. Bakaniken ya fito yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti.

"Ka duba motar kafin ta fita?"

"Tsaf, yallaɓiya. Har ƙarƙashi na shiga."

Ta yi wa Saje alama. Ya dire sifirin ɗin a kan teburin aiki, sifanoni suka yi tsalle.

Bakaniken ya duba, ya tsuke baki.

"Wannan ba na motar nan ba ne."

"A hanyarta na tsince shi."

"Nawa dogaye ne, masu laushi, fentinsu ruwan ɗorawa. Da hannuna na sa su, tare da sababbin shokoziba masu tsawo."

"Ɗaga ta mu gani."

Aka sa jak a jikin motar, aka ɗaga har tayar baya ta rataya a iska. Sufeto ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara. Gefen dama gidan sifirin fayau yake. A gefen hagu akwai baƙi, gajere, tagwayen wanda ke kan tebur. Tsakanin kansa da rufin gidansa akwai sarari, hannu zai shige.

"Saje, taɓa shi."

Saje ya taɓa. Ƙarfen ya yi rawa. Ya ja, ya fito kamar an zare cokali daga kofi.

Bakaniken ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Bai kamata ya fito ba," ya ce a hankali. "Sifirin ba a zuba shi haka. Matse shi ake yi da maƙata, a cusa shi da ƙarfi. Tun ba a ɗora wa mota ko buhu ɗaya ba, yana tura sama yana tura ƙasa. Ko taya ta faɗa rami ta saki jiki duka, shi yana nan a matse. Wannan ya yi gajarta. Shokoziba doguwa ce, tana barin taya ta sauka nesa, shi kuma ba zai iya bin ta ba."

"Sai ya faɗo."

"Sai ya faɗo. Jikin motar ya zauna a kan ƙarfe."

"Kuma ka shiga ƙarƙashi ba ka ga baƙi a wurin ruwan ɗorawa ba?"

Saje ya yi tari.

"Ban shiga ba," in ji bakaniken. "Daga nan na hango ta. Tsaye take daidai, ba ta karkace ba. Dogo mai laushi yana lotsawa idan nauyi ya hau shi, gajere mai tauri ba ya lotsawa. A tsaye duk tsayinsu ɗaya. Ido ba zai raba su ba."

"Ko dai ka sayar da sababbin ka zuba tsofaffi," in ji Saje.

"Ofisa, da sayarwa zan yi ai shokozibar zan fara cirewa."

"Ka ji ɓarawo mai tsari."

"Wa ke shiga garejin nan?" Sufeto ta katse su.

"Kowa. Direbobi duk sun san inda makulli yake."

Ta miƙe tana dafa mota. Ta nuna tsohuwar da ke gefe da haɓa.

"Waccan fa?"

"Ta Kawu ce. Turmi muke ce mata. Duk wanda ya shiga, kafin ya sauka ta daka shi. Malaman asibiti har ƙuri'a suke yi kan wanda zai bi ta."

Washegari ta so komawa wurin ramin da mai ɗaukar hoto, sai aka ce motar 'yan sanda ba mai. Ƙungiyar ta ba da aron Turmi, Kawu ya ja. Saje ya naɗe rigar sanyinsa ya sa a ƙarƙashinsa tun kafin a tashi.

"Na ji labarinta," ya ce. "Ina da iyali."

Kawu bai yi dariya ba. Hannunsa biyu a sitiyari, idonsa a hanya.

"Baba, ka daɗe kana tuƙi?" ta tambaye shi.

"Tun ba ki shiga makaranta ba, 'yata."

"To kai ka san kan mota. Me zai sa sifirin ya faɗo?"

"Ni direba ne. Tsakanina da sifana sai kallo."

Suka bar kwalta suka kama hanyar dutse. Ta jingina kanta da gilashi don ta yi tunanin bakanike. Jiya ba ta yi barcin kirki ba, ƙaramin ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Motar tana tafiya tana lilo a hankali, ta hau dutse ta sauka kamar kwalekwale.

Muryar Saje ce ta tashe ta.

"Yallaɓiya, mun iso. Daga yau na sauka daga sarauta, na bar miki."

Ta goge ido. Bayanta ba ya ciwo, wuyanta ma lafiya. Ta waiwaya ta dubi hanyar da suka biyo, duk duwatsu da ramuka. A cikin Turmi ta yi wannan barcin.

Mai hoto ya yi aikinsa. Kawu bai sauko ba. Yana zaune a mota, ya juya fuskarsa ɗaya gefen, inda ba kwazazzabo.

Da yamma ta je gidansa ita kaɗai, lokacin da ta san yana asibiti. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida mai tsabta. Matarsa ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa.

"Jaje na zo yi, Inna. Yaya maigidan yake ɗaukar abin?"

"Ba ya ci, ba ya sha. Yaron nan ai ɗansa ne, mu Allah bai ba mu namiji ba." Ta share ido da gefen zani. "Ga shi da ma ya fara samun sauƙi."

"Ba shi da lafiya ne?"

Matar ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Kada ki faɗa a wurin aikinsu. Baya ne. Shekara da shekaru. Idan ya dawo daga daji da rarrafe yake shiga ɗakin nan. In dafa ruwa, in gasa masa da tawul, shi yana cizon filo kada maƙwabta su ji. Akwai wani bel da yake ɗaurawa a ƙarƙashin riga. Ya ce ranar da suka sani za su karɓe makulli, shi kuma in ba tuƙi ba bai san me zai yi da safiya ba."

"Amma ya sami sauƙi."

"Kwanakin nan da ƙafarsa yake shigowa. Har minshari ya dawo yi, ni da na manta yana yi." Ta yi ɗan murmushi. "Na ce wane magani ka samu? Ya ce Allah ne."

Sufeto ta shanye ruwan duk da ba ƙishi take ji ba. Ta yi godiya. A hanya ta tsaya ta sayi maganin zazzaɓi, mai kanti ya yi ta miƙo mata canji ba ta gani ba.

Da safe ta sa aka kira Kawu gareji. Ya zo cikin farar riga a goge, ya tsaya kusa da motarsa.

"A ɗaga Turmi," ta ce.

Bakaniken ya dube ta, ya dubi Kawu, ya jawo jak. Taya ta rataya. Sifirin ɗin baƙi ne, amma dogo, siriri, a matse gam a gidansa. Saje ya ja da hannu biyu, ko motsi bai yi ba.

Ta karɓi makullin Saje ta karce ƙarfen. Baƙin fenti ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa. A ƙarƙashi ruwan ɗorawa ne.

"Kawu," bakaniken ya ce.

Dattijon ya nemi wurin zama. Saje ya tura masa benci da ƙafa.

"Baba, ka ce tsakaninka da sifana sai kallo."

"Na faɗa."

"Wa ya taya ka?"

"Ba kowa. Ranar hutu ce, ba mutane. Wuni guda na yi. In kwance noti ɗaya, in kwanta a ƙasa in huta."

"Me ya sa ba ka nemi a saya maka naka ba?"

"Na nema. Suka ce motar yaro ta fi zuwa nesa, tawa kuma me ya same ta? In ce me? In ce bayana ya mutu?" Ya dubi tafin hannunsa. "Ranar da aka sa masa, ya ce Kawu zo ka ɗana. Na zagaya da ita bayan gari na dawo. Rabon da in sauka daga mota ban riƙe ƙofa ba, na manta. Daga ranar ban ƙara barci ba sai tunaninsu."

"Ka san za su faɗo?"

"Da na sani zan sa ɗan ƙanwata a kai? Na yanki sanda, na auna tsayin motarsa kafin in taɓa, na auna bayan na gama. Daidai. Ko kaurin farce ba bambanci. Shekara nawa suna ƙarƙashina ba su faɗo ba. Na ce iyakaci ta ɗan dake shi, shi yaro ne, bayansa sabo ne."

"A taka motar shokoziba gajera ce, Kawu," bakaniken ya ce da muryar da ba ta fita sosai. "Ita ke riƙe su."

"Yanzu na sani. Da na sa su na ga sun shige ba gardama, har na ce Allah ya kawo sauƙi."

Kwanon rumfar yana ƙara saboda rana. Sufeto ta ji gajiyar kwanakin duk ta sauko mata a kafaɗa. Tambaya ɗaya ta rage, ba ta cikin fayil, amma ta yi ta.

"Kuskure ne, na ji. A asibiti fa? Gaban uwarsa ka ce yana da zafin ƙafa."

Dattijon ya kau da ido.

"Na ce ko tara za a ci shi. Na ce yaro ne, alƙali zai tausaya."

"Ka san ba tara ba ce."

"Na sani." Ya sunkuyar da kai. "Tsoro ne, 'yata. Ba wani abu ba. Ni na kashe yarinyar nan. Ki rubuta haka."

"Abin da ya faru zan rubuta. Sauran na kotu ne." Ta juya wurin Saje. "Ka kira asibiti, a janye ɗan sandan da ke kan yaron."

Saje ya ciro ankwa, ya dube ta. Ta girgiza kai. Ya mayar aljihu, ya kama dattijon ta gwiwar hannu kamar mai taimakon tsoho tsallaka titi.

Sai da suka juya suka gan ta. Uwar yaron tana tsaye a bakin rumfar, da jakar leda a hannu. Kayan ɗanta ta zo kwasa daga motar, maigadi ya nuna mata hanya. Ba wanda ya san tun yaushe take wurin.

Kawu ya tsaya.

"Auta," ya ce. Sunan da yake kiranta da shi ke nan tun suna yara. "Auta, ki saurare ni."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi, ba fushi a fuskarta, ba hawaye. Saje ya ɗan jira, da ya ga ba abin da zai biyo baya sai ya ja shi zuwa motar 'yan sanda. Bencin bayanta katako ne. Dattijon ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya dafa ƙugu, ya hau a hankali.

Sufeto ta matso don ta gaya wa matar cewa ɗanta ba zai je kotu ba. Kafin ta haɗa kalmomin, matar ta shiga rumfar, ta zaro takalmin yaron da hularsa daga ƙarƙashin kujerar direba, ta kakkaɓe gilashin da ya fashe a ciki, ta sa a leda. Ta gyara mayafinta, ta bi ta ƙaramar ƙofar baya ta fita.